ZAƁEN KARO NA ƊAKIN WANKA

(Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin ƴan ƙungiyarmu, magini mai aikin karo, ya yi a taron bayan girbi. Magatakarda ya rubuta shi domin waɗanda ba su halarta ba, da ƴan uwanmu da ke wurin ci-rani.)



Ranka ya daɗe maigari, Allah ya gafarta malam liman, shugaban ƙungiya da ƴan komiti, iyayenmu maza da mata, samari da ƴan mata, ina gaishe ku baki ɗaya, ina yi mana barka da kaka.

Komiti ya ce in yi bayani a kan karo, watau abin nan da ƴan uwanmu na Najeriya ke ce ma tayil. Dalili kuwa kowa ya san shi. Mun tara abin da Allah ya hore, an tsai da shawara za a gyara ɗakin wanka na materniti da wurin alwala na masallacin Juma'a. Da kuɗin karo-karo za a sayi karon, saboda haka kowa na da haƙƙin ya san abin da za a saya. Ban da wannan, da yawa cikinmu ɗiyansu na aiko musu kuɗi daga waje su ce a gyara ma tsoho ko tsohuwa makewayi. To, maganar ta shafi kowane gida.

Na ji wasu na cewa a sayo babban farin karo mai ƙyalli, irin wanda a ke gani a falon gidajen Yamai da Maraɗi. Ina roƙon su su yi haƙuri su saurare ni har ƙarshe. Abin da zan faɗa duka ya taru a magana guda: karon ƙasan ɗakin wanka ƙafa ke zaɓen shi, ido sai ya jira a zo kan bango.

1. WA ZAI TAKA SHI?

Kafin a tambayi kuɗin karo, a fara tambayar wanda zai tsaya a kanshi. A materniti, mace ce mai ciki wata tara, wadda ba ta ganin inda ta ke sa ƙafarta, ko maijego da ta haihu jiya, jiri na ɗibarta. A masallaci, dattijo ne da asuba, cikin duhu, ya ɗaga ƙafa ɗaya yana wankewa, duk nauyinshi na bisa ɗayar. A gida kuwa har da yara masu shiga da gudu.

Sa'an nan mu dubi yadda mu ke wanka. Da bokiti mu ke yi, ruwa da kumfan sabuni duk a ƙasa su ke zuba, nan inda mutum ke tsaye ko tsugune. Ruwan sabuni bisa karo mai sulɓi, ko saurayi mai ƙarfi sai ya yi da gaske. Saurayi in ya faɗi ya tashi ya kakkaɓe, a yi dariya. Tsoho in ya faɗi, sau da yawa ƙashin kwatangwalo ke karyewa, wannan karaya kuwa ta fi ƙarfin ɗorin gida, sai an ɗauke shi zuwa babban asibiti, Maraɗi ko Galmi ko Damagaram, an yi aiki. Ku lissafa kuɗin mota da na magani da na mai jinya. Ku tuna kuma tsofaffi nawa ne suka kwanta bayan irin wannan faɗuwa ba su sake tashi ba. Karo mai ƙyalli a ɗakin wanka kyan ɗan maciji gare shi.

2. KARO IRI BIYU NE

Duk karo da yumɓu a ke yin shi, a gasa shi a wuta, kamar yadda a ke gasa tulu da randa. Bambancinsu yana ga irin ƙasar, da ƙarfin matsi, da zafin wutar.

Iri na fari shi ne wanda magina ke ce ma fayans. Na bango ne. Ba shi da nauyi, jikinshi kamar na tulu ya ke, yana shan ruwa ƙwarai. Fayans mai nauyin giram 100 yana iya shan ruwa fiye da giram 10. Abin da ke kare shi kawai shi ne ɗan siririn gilashin da aka shafa a fuskarshi. A bango yana da kyau, yana da sauƙin wanki, ga araha. In aka sa shi ƙasa, sulɓi gare shi, kuma ranar da bokitin ƙarfe ya faɗo a kanshi gilashin ya ɓantare, ruwa ya sami hanya.

Iri na biyu shi ne gire, wanda ya fi kyau cikinshi a ke ce ma gire-seram. An matse shi da ƙarfi, an gasa shi a wuta mai zafin digiri wajen 1200, har jikinshi ya zama kamar dutse. Giram 100 nashi ba ya shan ruwan da ya wuce rabin giram. Wannan shi ne na ƙasa. Amma a kula, shi ma gire akwai wanda aka goge har ya zama kamar madubi. Wannan na falo ne. Na ɗakin wanka shi ne mai kaushi, marar ƙyalli.

Karon ƙasa ana iya sa shi a bango. Karon bango ba a sa shi a ƙasa, ko kyauta aka ba mutum.

3. GWAJI HUƊU A GABAN MAI KANTI

Wanda aka aika saye ya tafi da gorar ruwa da guntun sabuni a aljihu. Kada ya ji kunya, ɗan kasuwa mai gaskiya ba zai hana shi ba.

Na ɗaya: ya kife karon, ya ɗiga ruwa a bayanshi. In ruwan ya tsotse nan da nan ya bar duhu, fayans ne. In ya tsaya yana yawo kamar a bisa faranti, gire ne.

Na biyu: ya ajiye karon a ƙasa, ya jiƙa fuskarshi, ya goga sabuni, ya tuɓe takalmi ya taka, yana dafe da bango. In ƙafa ta zame, magana ta ƙare. Busasshen karo ba ya faɗin gaskiya, don kusan kowane iri yana riƙe ƙafa in babu ruwa.

Na uku: ya riƙe karon da yatsu biyu ya ƙwanƙwasa shi da makulli. Lafiyayye yana amsawa rau, mai ɓoyayyar tsaga muryarshi a dushe ta ke. Iyayenmu mata sun san wannan, haka su ke yi ma tukunya a kasuwa.

Na huɗu: ya ɗauki biyu ya haɗa su fuska da fuska. In sun kwanta daidai, gefe ya yi daidai da gefe, to madalla. In suna rawa, ko ɗaya ya ɗara ɗaya, karon a karkace ya ke. Karkataccen karo yana tara ruwa, bakinshi kuma yana kama yatsa.

4. ABIN DA AKA RUBUTA JIKIN KARTAN

A tafi da yaro ɗan lakwal ya karanta. In an rubuta "mur", na bango ne. In an rubuta "sol", na ƙasa ne. Kalmar da mu ke nema ita ce "antidérapant", watau mai hana zamewa.

Wani kartan za ku ga harafin R da lamba, daga R9 zuwa R13. Gwaji ne da aka faro a Jamus: ana shimfiɗa karon bisa allo, a zuba mai, mutum ya taka da takalmi, ana ta ɗaga allon har ya zame. Yadda lamba ta hau, haka riƙon ya ƙaru. R9 bai isa ɗakin wanka ba. A nemi R10, in an sami R11 ya fi. R13 na masana'anta ne, kaushinshi ya yi yawa, yana riƙe dauɗa.

Akwai gwaji na biyu wanda ya fi kama da halinmu, don da ƙafa ba takalmi a ke yin shi, bisa jiƙaƙƙen karo. Shi haruffa uku gare shi. A ya riƙe mutum har allon ya kai digiri 12, B har 18, C har 24. Na wurin wanka B ne ko C.

A duba kuma lambar launi da lambar girma, su zama iri ɗaya a duk kartan ɗin da za a saya, domin karo mai suna ɗaya in ba gashi ɗaya ba ne sai a ga launi ya bambanta. Don haka a sayi duka rana ɗaya. Kartan da yawa a kasuwanninmu ba su da waɗannan alamu. In haka ne, a koma ga ruwa da sabuni.

5. GIRMA DA LAUNI

Ƙasan ɗakin wanka ƙaramin karo ya ke so: 10 bisa 10, ko 20 bisa 20, in ya yi yawa 30 bisa 30. Dalilai biyu ne. Na fari, layin siminti da ke tsakanin karo da karo, wanda mu ke ce ma juwan, shi kanshi birki ne ga tafin ƙafa, ƙaramin karo kuwa layukanshi sun fi yawa. Na biyu, ƙasan nan dole ta gangara zuwa rariya, karo kuma ba ya lanƙwasa. Mai 60 bisa 60 ba ya bin gangara sai an yayyanka shi, in ba a yanka ba ruwa ya kwanta.

Batun launi, a guji baƙi da mai duhu. Kunama na son wuri mai sanyi da laima, wanda ya shiga da dare da ƴar fitila yana bukatar ya gan ta kafin ta gan shi. Ruwan wasu rijiyoyinmu da na pompo kuma yana barin fari-fari in ya bushe, a bisa baƙin karo ya fi fitowa. Har ila yau, makewayinmu da yawa ba rufi, baƙin karo a ranar watan Afrilu ba ya takuwa. Fari fat shi ma wahala ne, ƙurar hunturu da jar ƙasa ba za su bar shi ba. Ruwan ƙasa mai haske ko ruwan toka mai haske sun fi dacewa da mu. A bango kuwa, kowa ya zaɓi abin da ranshi ke so, farin fayans ma yana ƙara haske.

6. ABIN DA KE ƘARƘASHI

Karo riga ce, daɓen da ke ƙarƙashi shi ne jiki. Iyayenmu da ke daɓe da makuba sun san ruwa gangare ya ke bi. Ga awon: kowane metir guda, ƙasa ta sauka santimetir 2 zuwa wajen rariya. Ɗaki mai tsawon metir 2, watau santimetir 4 ke nan. A fitar da gangarar tun a daɓen siminti, kada a ce za a gyara ta wajen liƙa karo. Kafin a liƙa ko ɗaya, a kwara bokitin ruwa a gani. In ya kwanta a wani wuri, a gyara tukuna.

Daɓen a yi shi da rairayin gulbi mai tsabta, marar laka, buhun siminti mai kilo 50 ga burweti 2 zuwa 3. Na Malbaza ne ko na Najeriya, abin dubawa shi ne kada ya zama ya sha laima ya yi gudaji. A yi ta yayyafa ma daɓen ruwa har kwana 7. Zafinmu da iskar hunturu suna busar da siminti tun bai kama ba.

Wajen liƙawa, fayans ana jiƙa shi cikin ruwa in da siminti zalla za a sa shi, don kada ya tsotse ruwan simintin. Gire kuwa, tun da ba ya shan ruwa, siminti zalla ba ya kama shi sosai. Sai an sayi simintin liƙi, wanda a ke ce ma siminti-kol, a shafa ya cika bayan karon duka. Magini mai ɗora ƴan dunƙule biyar ya danna, ya bar rami a ƙarƙashi. Bayan kwana 2 a bi karon ɗaya-ɗaya ana ƙwanƙwasawa, wanda ya yi amon ganga a cire shi a sake, kafin a biya kuɗin aiki.

Kada a haɗe karo da karo. A bar milimetir 3 zuwa 5 a tsakani, a cike da simintin juwan, a bar ɗan fili kuma a gindin bango. Karo yana buɗewa da zafi, in bai sami wuri ba sai ya tashi ya yi tozo. Juwan kuma a cike shi sosai, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

7. BANGON ƘASA DA SALGA

Karo ba ya zama a bangon ƙasa. Ko an yaɓa siminti an liƙa shi, ƙasa na motsi da laima, siminti ba ya bin ta, wata rana sai yaɓen ya ɓaɓɓako da karon gaba ɗaya. Mai bangon ƙasa, in yana son karo, ya tada siririn bangon bulo na siminti daga ciki, tsawon metir ɗaya da rabi, ya liƙa a jikinshi.

Ruwan wanka kuma kada a tura shi cikin salga. Yana cika ta da wuri, yana jiƙa bakin ramin, da damina a ji ta rufta. Kada kuma a sake shi a titi ya zama gidan sauro. A haƙa mishi kwatami nashi, a cika da duwatsu, a rufe, tiyo ya kai ruwan can. Kwatami da salga su yi nisan metir 30 da rijiya.

8. LISSAFI DA ƊAUKO KAYA

Ga misali. Ɗaki mai faɗin metir ɗaya da rabi, tsawon metir 2, ƙasanshi metir murabba'i 3 ne. Karo 20 bisa 20, guda 25 ke cika metir ɗaya, watau 75. A ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ya zama 83. Bango kuwa, kewayen ɗakin metir 7 ne, a cire ƙofa santimetir 80, saura 6,2. In za a kai tsawon metir ɗaya da rabi, ya zama metir murabba'i 9,3. Fayans 20 bisa 30, da ƙarin kashi 10, wajen guda 171.

Ku duba lissafin nan da kyau. Bango ya ninka ƙasa sau uku. Ke nan ko karon ƙasa ya fi tsada, kaɗan a ke bukata. In kuɗi sun gaza, a rage a bango, kada a rage a ƙasa. Araha ba ta ado, a nan kuwa har karaya ta ke jawowa.

Wajen ɗauko kaya, a jera kartan a tsaye bisa gefensu, a matse su, a sa tabarma ko kara a ƙarƙashi. In aka kwantar da su bisa juna, hanyarmu za ta farfasa na ƙasa. A buɗe kowane kartan a kanti kafin a loda. Abin da ya rage bayan aiki a adana shi, ranar gyara ba lalle a sami irinshi ba.

9. WANDA BA SHI DA HALI

Kada kowa ya ci bashi saboda karo. Akwai hanya biyu masu sauƙi. Ta fari, fasasshen karo da a ke saidawa a buhu. Ana jera gutsattsarin cikin siminti, layukan na da yawa, suna riƙe ƙafa, suna bin gangara. Sai dai a tsince masu ƙyalli a sa su bango, a kuma nutsar da bakin kowane guntu don kada ya yanki ƙafa. Ta biyu, daɓen siminti kawai, a gama shi da katako, ko a ja tsintsiya a kanshi tun yana ɗanye. Kada a barbaɗa garin siminti a goge da cokalin gini har ya yi sheƙi, wannan shi ma sulɓi ne. Daɓe mai kaushi da gangara mai kyau ya fi karo mai tsada da ruwa ke kwana a kanshi.

10. TSABTA

Karo mai kaushi yana son buroshi. In aka bar shi, sabuni da gansakuka su cike kaushin, ya koma mai sulɓi. A wanke da omo, a ɗauraye, sau ɗaya a mako a sa ɗan jabel cikin ruwa. A bar zuba asid, yana cinye juwan. Iyayenmu mata, ku riƙe wannan: kada a haɗa jabel da asid ko kusa, hayaƙin da ke tashi guba ne, yana ƙona huhu.

11. SHAWARATA GA KOMITI

A ƙasan materniti da na wurin alwala, a sa gire mai kaushi, 20 bisa 20, ruwan ƙasa mai haske. A bango, farin fayans, metir ɗaya da rabi. A kafa tiyon ƙarfe a jikin bango daidai ƙugu don dafawa, a gina ɗan dakali a materniti inda maijego za ta zauna ta yi wanka, a masallaci kuma a yi ma dattawa mazauni.

Ina roƙon kada mutum ɗaya ya tafi saye. A tafi mutum uku, cikinsu da mace. Su karɓo samfur biyu ko uku su kawo gari tukuna. A ajiye su a ƙofar maigari, a jiƙa, a sa sabuni, ungozoma da dattawan masallaci su taka, a riƙe musu hannu. Wanda ƙafarsu ta yarda da shi, shi za a saya. Jinkirin mako ɗaya ne, abin da za a shimfiɗa kuwa jikokinmu ma za su taka shi.

Masu son mai ƙyalli, na san alheri su ke nufi, suna son garinmu ya yi kyan gani. In Allah ya hore muka gina ɗakin taro, ni da kaina zan shimfiɗa musu shi a can.

Wanda ke da tambaya game da gidanshi ya same ni bayan la'asar, zan je in auna mishi ba da ko dala ba. Allah ya sa albarka a abin da muka tara, ya sauki matanmu lafiya, ya ƙara ma iyayenmu lafiya da nisan kwana, ya kare mu daga tsautsayi.